Direban da ya yi aiki a kwamfuta ɗaya bai wanke kansa ba

A cikin kwamfuta da wayar hannu akwai na'urori, irin su katin intanet da faifan ajiya, da ake bari su zuba bayanai kai tsaye cikin RAM ba tare da sun bi ta furosesa ba. Wannan hanya ce ake kira DMA, kuma ƙaramar manhajar da ake ce wa direba ita ke nuna wa na'urar inda za ta rubuta. Idan aka ba ta adireshin da ba nata ba, ba ta tambaya, sai ta rubuta a kan bayanan wani. Saboda haka, a ganina, duk mai gyaran wannan sashe a Linux wajibi ne ya bi ƙa'idar da tsarin ya shimfiɗa: ya bayyana iyakar adireshin da na'urar ke iya kaiwa, ya karɓi adireshin daga hannun tsarin, ya duba ko ya samu, sannan ya saki wurin idan an gama.

Tsoffin katunan ISA ba sa wuce megabait 16 na farko, masu bit 32 kuma iyakarsu gigabait 4. Direban da ya yi biris da wannan iyaka zai yi aiki lafiya lau a kwamfuta mai gigabait 2, ya lalata fayil a mai gigabait 8. Ga kuma 'yar ma'ajiyar da furosesa ke riƙe kwafin bayanai a ciki. A injinan Intel da AMD tana daidaita kanta da abin da na'ura ta rubuta, amma a yawancin ƙananan injinan ARM, irin na wayoyin Android da ke hannunmu, sai direba ya nemi a daidaita. Kuskuren da ya ɓuya a teburin mai rubuta manhaja yakan bayyana ne a aljihun mai saye.

Masu bin gajeriyar hanya suna cewa ƙa'idar tana cin lokaci, musamman idan tsarin ya kwafe bayanai zuwa wurin da na'urar ke iya kaiwa, ko aka kunna IOMMU, shingen da ke hana na'ura taɓa wurin da ba a ba ta ba. Gaskiya ne akwai jinkiri, sai dai jinkiri ana auna shi a rage shi, fayil kuwa yakan lalace shiru, ba a ankara sai an buɗe shi. Ko shingen ma ba ya isa idan direba ya yi sakaci. A 2019 binciken Thunderclap, wanda masana daga Jami'ar Kambrij suka shiga, ya nuna cewa na'urar da aka soka ta kafar Thunderbolt tana iya karanta bayanan sirri ko da IOMMU na kunne, domin ana buɗe mata wuri fiye da buƙatarta.