Koyon Kare Kai: Me Ke Sa Shi Amfani Ran Wuya?

 Sau da yawa mutum ya kan shekara yana koyon naushi da kamu, amma ran da mugu ya tare shi sai jikinsa ya mutu, abin da ya koya duk ya bi iska. To, ina dalili?

Na farko, wanda ya koya da abokin da ba ya gardama bai ƙware ba tukuna. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo a Tokyo ta ƙasar Japan cikin 1882, ya fid da kamun da ke hallakarwa daga gwajin yau da kullum, domin almajirai su kara da juna iyakar ƙarfinsu ba tare da ɓarna ba. Haka 'yan kokawarmu su ke, sai an sha kaye a fage a ke sanin tsayuwa.

Na biyu, dabarun su zama kaɗan. Fairbairn, Baturen da ya shiga aikin ɗan sanda a Shanghai cikin 1907, ya kuma horad da sojan Ingila tun 1940, 'yan dabaru masu sauƙi ya koyar, ana ta maimaitawa. Gama in tsoro ya sauka, hannu ya kan yi rawa, dabara mai wuya ta ɓace.

Na uku, shi ne babba, a gane haɗari tun daga nesa. Cikin 2015 aka buga labarin wani gwaji da aka yi da ɗalibai mata 893 a jami'o'i uku na Kanada. Wajen rabinsu an ba su horon awa 12, na gane take-taken mugu ko da idon sani ne, da ɗaga murya, da bugu. Sauran takardun gargaɗi kaɗai aka ba su. Da shekara ta kewayo, kimanin 5 cikin 100 na masu horo aka yi wa fyaɗe, na sauran kuwa kusan 10.

Saboda haka, malaman makaranta, in za ku kawo wa yara mai koyarwa, ku tambaye shi abubuwan nan uku. Ku kuma gaya musu, in ɗan fashi da wuƙa ya nemi kuɗi, a miƙa masa a tsira, gama in da rai da rabo. Allah shi kiyashe mu. Haza wasalam.