Shiga soja ba a saye shi da kuɗi: ku karanta, ku tura ga mata

Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Kajiji, Shagari da Bodinga,

Yau ba maganar taro ko rabon atamfa na zo da ita ba. Wata baiwar Allah ce cikinmu, ba zan faɗi sunanta ba, ta same ni gida tana hawaye. Ta sai da akuya biyu da 'yan kunnenta, ta haɗa da kwasar adashenta, naira dubu 300 cif, ta tura ma wani mutum ta POS. Ya ce shi soja ne, yana da gurbi uku hannunsa, har hotonsa da kaki ya turo. Da suna ya fito ba na ɗanta ciki, anka kira layin, a kashe. Har yau.

'Yan uwa, ku riƙe wannan: ɗaukar kuratan soja kyauta ne. Rundunar sojan ƙasa da kanta, duk lokacin da ta buɗe ɗauka, sai ta yi shela cewa kada a ba kowa ko sisi. Ta intanet ake cika fom, a shafin rundunar. Abin da za ku kashe shi ne ladan mai kafe da kuɗin mota. Sharuɗɗan ma ba ɓoyayyu ba ne. Wanda bai da sana'ar hannu, shekara 18 zuwa 22. Tsawon namiji kada ya kasa mita 1.68, mace 1.65. Takardar gama sakandare, ya ci darasi huɗu har da Turanci. Sai lambar NIN da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kowa jiharsa ta asali ake tantance shi, mu ga Sakkwato nan kusa, inda Runduna ta 8 take. Wanda ya tsallake ana iya kai shi Dafo, makarantar kurata ta Zariya, wadda take nan tun 1924, ya yi wajen wata shida yana shan horo.

To ina wurin da “mai gurbi” ya shigo cikin wannan?

Ban ce duk mai kaki waliyyi ne ba. Ko'ina akwai baragurbi, kuma in anka samu wani na ciki yana karɓar na goro don ya tsallakar da yaro, ya ci amanar aikinsa, ya kamata a kai ƙararsa. Amma ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya namu ne. Mu muke kai kuɗin. Mu muke cewa a rage ma yaro shekaru. Yaro na da asma ko ciwon ƙirji tun yana goye, uwa ta sani sarai, amma ta ce ya yi shiru wurin likita. Ya Hajiya, can gudu ne da rana, da kaya bisa baya. In ya yanke jiki ya faɗi, wa za ki tuhuma? In kuma anka gano takardar jabu ce bayan shekara biyu, kora ce, wataƙila har da ɗauri. A Islamiyya an karantar da mu cewa mai bayar da rashawa da mai karɓa duk laifin ya hau kansu, ba a cire uwa ba don tana son ɗanta.

Ku dubi wani abu kuma. Yaron da ya shiga da dubu 300 na bashi, ina zai maido su? Bisa hanya, ga direban da ya ɗauko albasa. Ga halin da muke ciki na ɓarayin daji, noma ya zama sai da addu'a wurare da yawa. Wanda za a ba bindiga ya tsare mu, gara ya zama wanda ya cancanta, ko da ɗan wata ne ba nawa ba.

Sannan macutan nan sun iya daɗin baki. Sai su ce yaro ofis za a aje shi cikin Sakkwato, yana kwana gida. Ƙarya ce. Soja ba ya zaɓen wurin aiki. Ana iya kai shi Barno, ana iya kai shi Zamfara ko Kudu. Ki zaunar da ɗanki ki gaya mishi haka tun bai cika fom ba. In har yana so, ki sa mishi albarka.

Wasu kan zo gidana su ce, “Shugaba, ki sa baki.” Wallahi ba ni da gurbin soja, jam'iyya ba ta raba shi kamar taki. Duk wanda ya ambaci sunana ko na wani jigo ya nemi kuɗi, ki kira ni kafin ki tura.

Ita wannan 'yar uwa tamu tana da rasit ɗin POS da lambar asusun da ta tura ma kuɗin, kuma za mu raka ta wurin 'yan sanda ranar Litinin in sha Allah. Duk wadda irin haka ta same ta, ta bar jin kunya, ta nemo rasit da saƙonnin waya, kada ta goge komai, ta same ni gida bayan La'asar.

Shugabar mata, Kajiji