Rigimar siyasar Amurka da darasin da ke kwance a Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Wanda ya saba zama a teburin mai shayi a Na'ibawa, ko ya ɗan tsaya da safe a kasuwar 'Yan Lemo ko 'Yan Katako, ba zai rasa jin ana musu a kan Amurka ba. Wani yana yabon Donald Trump a kan cewa mutum ne mai kishin ƙasarsa, wani yana tsine masa saboda korar baƙi. Ana yin musun da zafi kamar na magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, kowa da bidiyon da ya gani a waya.

Babu laifi a bibiyar siyasar duniya. Matsalar ita ce a kalle ta kamar wasan kwaikwayo, alhali abin da ake jayayya a kai a can yana shafar aljihun ɗan Kano, kuma Kano ta riga ta ɗanɗana irinsa da bakinta.

Abin da suke faɗa a kai

Rigimar jam'iyyar Republican da ta Democrat ta fi tsayawa a kan abubuwa uku: baƙin haure, sahihancin zaɓe, da tattalin arziki.

'Yan Republican suna cewa an bar iyakar ƙasar da Meziko a buɗe. Suna da hujjar da za su nuna, domin a 2022 da 2023 jami'an kan iyaka sun ci karo da mutane fiye da miliyan 2 a kowace shekara a wannan iyaka. 'Yan Democrat kuma suna cewa baƙin nan su ne ke riƙe da gonaki da aikin gini da kula da tsofaffi, kuma korarsu za ta ƙara tsadar kaya.

A fannin tattalin arziki, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022, mafi muni a cikin kusan shekara 40. Wannan ya taimaka wa Trump ya kayar da Kamala Harris a zaɓen 5 ga Nuwamba 2024, da ƙuri'un wakilai 312 a kan 226.

A fannin zaɓe kuwa, Trump ya ƙi amincewa da faɗuwarsa a 2020, duk da kotuna sun yi watsi da ƙararrakin da ɓangarensa ya shigar, har magoya bayansa suka kutsa ginin majalisa a ranar 6 ga Janairu 2021.

Ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani ciwo da ya daɗe. A shekarar 2000 Amurkawa kusan miliyan 17 ke aiki a masana'antu. Zuwa 2010 sun koma ƙasa da miliyan 12. Garuruwan da suka dogara da ƙera mota da ƙarfe da saƙa sun wayi gari ba aiki. Masana sun danganta hakan da shigowar kayan Sin masu araha bayan ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, da ƙaurar kamfanoni zuwa inda ƙwadago ya fi sauƙi, da injunan da suka maye gurbin mutane.

Bayanin waɗannan dalilai yana da wahala a filin kamfe. Nuna baƙo da yatsa ya fi sauƙi.

Yadda abin ke isowa Kano

Mai sayar da lemo a Na'ibawa zai iya tambayar ina ruwansa. Amsar tana cikin matakan da aka ɗauka a jere.

A ranar 31 ga Janairu 2020 gwamnatin Trump ta farko ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama na dindindin. Joe Biden ya soke matakin a ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairu 2021. A watan Yulin 2025 aka mayar da akasarin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. A watan Disambar wannan shekarar aka ƙara tsaurara ƙa'idar, har ta shafi ɗalibai da masu zuwa kasuwanci.

A watan Afrilun 2025 Trump ya ɗora harajin kashi 14 cikin 100 a kan kayan Najeriya masu shiga Amurka, daga baya aka mayar da shi 15 a watan Agusta. An cire ɗanyen mai daga cikin harajin, ma'ana nauyin ya faɗa a kan irin kayan da manomi da ɗan masana'anta ke fitarwa.

Dokar AGOA, wadda tun shekarar 2000 ta bai wa ƙasashen Afirka damar kai dubban kaya Amurka ba haraji, wa'adinta ya cika ranar 30 ga Satumba 2025 ba tare da majalisa ta sabunta ta kafin ranar ba.

Dokar kasafi da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika ƙasar waje da tsabar kuɗi. 'Yan Najeriya mazauna ƙetare suna aiko da kusan dala biliyan 20 gida a shekara, kuma Amurka na cikin manyan wuraren da kuɗin ke fitowa. Sai kuma rushe hukumar USAID, wadda ta jima tana tallafa wa shirye-shiryen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki a Najeriya.

Ba a tuntuɓi ɗan Kano kafin ɗaukar ko ɗaya daga cikin matakan nan ba. An ɗauke su ne domin faranta wa masu zaɓe a jihohi irin su Pennsylvania da Michigan. Ƙasar da ta jingina lafiyar jama'arta da cinikinta a kan sakamakon zaɓen wata ƙasa, duk bayan shekara huɗu za ta shiga zullumi.

Kano ta san wannan ciwo

Ma'aikacin da ya rasa aiki a Michigan bai fi tsohon ma'aikacin masaƙa a Bompai sanin zafin rufe masana'anta ba. Akwai lokacin da Kano ke biye wa Legas a yawan masana'antu a Najeriya. Bompai da Sharaɗa da Chalawa suna saƙa yadi, suna jeme fata, suna matse gyaɗa, suna yin robobi da alewa da katifa. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda sun ciyar da gidaje masu yawa. Yau da dama daga cikin gine-ginen sun zama ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, masana'antu suka koma kan janareta da baƙin mai. Noman auduga ya ja baya. Yadin fasa-ƙwauri ya riƙa kwararowa ta iyakar Nijar. Ƙarewar yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin yadi a duniya a farkon 2005 ta ƙara buɗe wa kayan Sin hanya.

Ita ma Kano ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan kasuwar Sin 45 a Kantin Kwari. Koken 'yan kasuwa yana da tushe, kuma doka ce ta tanadi abin da baƙo zai iya yi da wanda ba zai iya ba. Sai dai kamen bai tayar da ko injin saƙa guda a Bompai ba, domin baƙon ya tarar da masaƙun ne a kwance. An bar jaki ana dukan taiki.

An taɓa gwada korar baƙi

A watan Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe yana tafe. Gwamnatin Shehu Shagari ta bai wa baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. Mutane kusan miliyan 2 suka tafi, rabinsu 'yan Ghana. Tattalin arziki bai farfaɗo ba. Shagari ya ci zaɓe a watan Agusta, sojoji suka kifar da shi ranar 31 ga Disamba.

Kafin nan, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta yi wa 'yan Najeriya irin wannan korar, ciki har da Hausawa fatake da suka daɗe a zangon Kumasi da Accra. Wanda ya kori baƙo yau, gobe shi ne baƙo a wani wuri.

Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ma darasi ne. Masana'antun sarrafa shinkafa sun ƙaru a Kano, wannan gaskiya ne. Amma farashin abinci ya tashi, kuma fasa-ƙwauri ya sauya hanya ne kawai. Katanga ita kaɗai ba ta gina masana'anta. Sai an haɗa ta da wuta da jari da hanya.

Kano ta fi kowane gari cancantar fahimtar wannan. Unguwannin Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Sabon Gari sun isa shaida cewa zuwan baƙi ne ya raya kasuwar birnin. Ita kanta kasuwar 'Yan Lemo da lemon Binuwai da abarba da ayabar Kudu take ci.

Matsalar da ta fi maganinta riba

Wani abu da ya faru a majalisar dattawan Amurka ya kamata kowane mai ƙuri'a ya sani. A watan Fabrairun 2024 sanatoci daga ɓangarorin biyu, ciki har da James Lankford na Republican da Chris Murphy na Democrat, suka cimma matsaya a kan dokar tsaurara iyaka. Trump ya fito ya yi adawa da ita, akasarin 'yan jam'iyyarsa suka janye, dokar ta mutu. 'Yan Democrat su ma sun sha samun rinjaye a majalisa ba tare da sun warware batun ba. Rabon Amurka da yin babban gyara a dokar shige da fice tun 1986, zamanin Ronald Reagan.

Haka abin yake a harajin kaya. Biden ya soki Trump, amma da ya hau mulki ya bar akasarin harajin da aka ɗora wa Sin, har ya ƙara wasu a 2024. Sau da yawa hayaniyar kamfe ta fi bambancin manufa girma.

Ɗan Kano ya san wannan salo. Zaɓen gwamna na 2019 da aka ce bai kammala ba, da shari'ar zaɓen 2023 da ta kai har Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba Kabir Yusuf ranar 12 ga Janairu 2024, da taƙaddamar masarauta, sun cinye hirar jama'a tsawon shekaru. A wannan tsakanin aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka ninka kuɗin wuta na rukunin Band A fiye da sau uku a Afrilun 2024, sannan a Oktoban 2024 akasarin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, ya wuce wa'adin da aka fara ɗiba masa. Ko rabin zafin da ake yi a kan launin hula ba a yi a kan waɗannan ba.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnatin Tarayya ta daina ɗaukar matakan Amurka a matsayin abin mamaki. Shekara 25 ana da AGOA, amma abin da Najeriya ta fi kaiwa ɗanyen mai ne, yayin da Kenya da Lesotho suka gina masana'antun ɗinki da ita. Kasuwar da ta fi kusa da Kano ita ce ta Nijar da Chadi da Kamaru da sauran Afirka, kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar ta fara aiki tun Janairun 2021. A gyara dangantaka da maƙwabta, a sauƙaƙa wa ɗan kasuwa a kan iyaka, a sa tashar tsandauri ta Dala ta yi aikin da aka gina ta dominsa.

Gwamnatin Kano kuma tana da damar da ba ta da ita a da. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A yi amfani da ita a bai wa Sharaɗa da Chalawa da Bompai wuta tsayayya, a gyara hanyoyi da magudanan ruwansu, a kammala tsarin tace ruwan majemu, a rage tarin harajin da ke korar masu jari.

Masu masana'antu su dubi fatar da ake jemewa a Chalawa a kai Italiya da Sifaniya, ta dawo takalmi da jaka da ninkin farashi. Ribar tana wajen ɗinki, kuma masu ɗinkin suna nan a Kano.

Sai mai ƙuri'a. Zaɓen 2027 yana ƙaratowa, kuma za a zo masa da wanda zai tsana: ɗan wata jam'iyya, ɗan wani yanki, ko baƙo. Ya tambayi ɗan takara awa nawa Sharaɗa za ta riƙa samun wuta a rana, yaushe gas zai iso masana'antun Kano, kuma masana'anta nawa za su koma aiki kafin wa'adinsa ya cika. Wanda ya kasa amsawa ya koma zagin wasu, ya nuna abin da zai yi idan ya hau.

Amurka tana da ƙarfin da za ta jure shekarun rigima ba tare da ta durƙushe ba. Matashin Na'ibawa da ke wucewa ta gaban rufaffiyar masaƙa a kan hanyarsa ta neman aikin lebura ba shi da wannan sararin.