Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Duk wanda ya tashi ba da tarihin daular Safawiyya, wadda ta riƙe Farisa daga 1501 har Isfahan ta faɗa hannun Afganawa a 1722, sai ka ga ya rungumo littafin Jean Chardin, Bafaranshen nan mai fataucin duwatsu masu daraja. In aka tambaye shi dalili, sai ya ce ai takardun fada sun salwanta da faɗuwar birnin. Mu kam ba mu karɓi wannan uzuri ba.

Gaskiya ne taskar fada ta tarwatse. Amma farman, wato takardar umarnin sarki mai hatimi, ba don ta kwana a fada ake rubuta ta ba. Hannun wanda aka yi wa umarnin take komawa, shi kuwa ya adana ta kamar ransa, domin ita ce hujjarsa ranar da mai karɓar haraji ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta haka ne masu kula da hubbaren Shehu Safiyuddin a Ardabil suka tsare nasu, limaman Armeniyawa na Ecmiyazin suka tsare nasu, waɗanda yau suke taskar Matenadaran a birnin Yerevan.

Abin da ke cikinsu babu shi a bakin baƙo. Sau da yawa farman takan fara da maimaita koken da aka kawo: wane hakimi ya ci iyakar gona, wane ƙauye aka ɗora wa harajin da aka riga aka yafe masa. In aka ga sarki bayan sarki suna sabunta umarni guda, to alama ce masu iko a ƙasa ba su ji ba.

Haka nan ba mu ce a haɗiye tarihin da Iskandar Beg Munshi ya rubuta wa Shah Abbas ba tare da tauna ba. Magatakardan fada ne, ya san inda tuwonsa ke fitowa. A karanta shi, a ɗora shi kan farman, a ga inda suka saɓa.

Abin da ke korar mutane shi ne wahala. Rubutun shikasta a tsinke yake, alƙaluman lissafin siyaƙ kuwa sai an yi musu zaman shekaru. Wanda ya kasa wannan zama ya faɗi cewa ya kasa, ya daina cewa babu takardu. Ƴan ƙasa sun rubuta, kuma rubutun yana nan.