Ɗinkin Fitar Suna: Siket Mai Gefe Ɗaya Dogo da Jikin Mai Jego



Akwai wani ɗinki wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya: siket mai tsawo ta hagu ya ɗan ɗage ta dama, ko doguwar riga mai tattara a gefe guda na ƙugu. Ana iya zaɓarsa don fitar suna, kuma yana yi wa mai jego kyau, domin layin da ya karkace yana ɗauke ido daga kan tumbi. Matsalar ita ce awo. Sau da yawa ana ba tela tsohuwar riga ta kafin ciki, a ce ya bi ta.

'Yar'uwa, ranar suna kwana 7 kacal da haihuwa. Mahaifa takan ɗauki kusan sati 6 kafin ta koma yadda take, wato sai wajen arba'in. Ga nono ya ciko, ga ƙunzugu. Jikin da zai sa kayan daban yake da wanda aka auna bara.

Don haka ki gaya wa tela ƙugun siket ya zauna a kan cibiya ko sama da ita, a sa roba mai faɗi ta baya. Wannan ya fi muhimmanci ga wadda aka yi wa aiki, saboda ɗinkin tiyatar yana ƙasan mara, daidai inda siket mai ƙugu a ƙasa yake gogawa. Tattarar da zif su koma gefe, kada su bi ta kan ciwon. Matsattsen kaya ba ya mayar da tumbi, sai dai ya tara zufa a wurin da ake so ya bushe. Idan kuma kin ga wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za ki nufa ko da gida cike yake da baƙi.

Sai tsawo. Gefen da ya fi tsawo ya tsaya a idon sawu. Mai riƙe da jariri ba ta ganin ƙafarta, kuma jelar da ke jan ƙasa takan harɗe ta a matakala ko wajen shiga adaidaita sahu.

Atamfa ba ta miƙewa idan an yanka ta a miƙe, amma idan an yanka a karkace takan saki. Ki ce a rataye siket ɗin kwana ɗaya kafin a kalmasa bakinsa, in ba haka ba gefe zai ƙara zubowa bayan wanki. Irin wannan yanka yana cin yadi, ki tabbatar yadi 6 ɗin zai isa har da ɗankwali.

Rigar kuma a yi mata ɓoyayyen zif ta gaba don shayarwa. A bar rarar inci 2 a ciki. Ragewa bayan arba'in ya fi sauƙi a kan buɗawa.

In kin karɓo ɗinkin, ki gwada shi a zaune, domin a zaune za ki wuni kina amsa barka.

Allah ya raba lafiya, ya raya mana zuri'a. Masu jego na baya, ku faɗa mana a ƙasa wane ɗinki ne ya fi yi muku daɗi ranar suna.