Yawan milimita ba shi ke yin hoto ba: abin dubawa kafin sayen zum mai jawo nesa

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, matasa da dama sun kama sana'ar ɗaukar hoto da ƙananan kyamarorin Canon da Nikon, yawanci na hannu. Irin waɗannan kyamarori kan zo da gilashi mai lamba 18-55mm, wanda masu sana'a ke kira objektif. Ya wadatar wajen suna ko ɗaurin aure a cikin gida. Amma ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko lokacin kokowar takobi, mai hoto yana bayan shinge, sai mahayi ko ɗan kokowa ya fito ɗan mitsitsi a tsakiyar hoto. Daga nan sai a shiga neman zum mai jawo nesa, kuma a nan ne kuɗin tari na watanni ke salwanta, domin tambaya ɗaya ake yi wa mai sayarwa: milimita nawa ne?

Ga mai koyo, matsakaicin zum irin 55-250mm ko 70-300mm, mai na'urar hana girgiza kuma wanda ya dace da bakin kyamararsa, ya fi duk wani dogon gilashi mai arha amfani.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ƙananan kyamarori suna ƙara wa gilashi jawowa da kansu. Faifan da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, saboda haka ana ninka lambar sau 1,6 a Canon, sau 1,5 a Nikon da Sony. Ke nan 250mm a kan Canon 2000D yana ganin abin da 400mm ke gani a babbar kyamara. Wannan ya isa a cika hoto da ɗan kokowa daga bakin fili.

Sai dai duk yadda gilashi ya ƙara jawo abu, haka yake ƙara jawo rawar hannu. Ƙa'idar da masu hoto suka daɗe suna bi ita ce, a 400mm saurin ɗauka kada ya gaza ɗaya bisa 400 na daƙiƙa. Da tsakar rana babu matsala. Bayan la'asar kuwa, ko ranar da hazo ya rufe gari, haske ya ragu, sai hotuna su fito dishi-dishi. Na'urar hana girgiza ce ke rage wannan: Canon na rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS. A nan ake yawan faɗawa tarko. Canon EF 75-300mm III ya fi lamba kuma ya fi arha, amma ba shi da IS, alhali EF-S 55-250mm IS STM yana da ita, kuma nauyinsa bai kai giram 400 ba. Nikon ma ya fitar da AF-P DX 70-300mm iri biyu, ɗaya da VR ɗaya babu, kuma a ido kusan kamanninsu ɗaya. Haruffa biyu ne bambancin, amma su ne ke raba hoton da za a biya da wanda za a goge.

Abu na gaba shi ne baki. Gilashin Canon ba ya hawa Nikon, kuma ko a gida ɗaya akwai bambanci. Kyamarorin Nikon irin D3100, D3200 da D5100 ba su da injin saita gani a jikinsu, don haka tsohon gilashi mai rubutun AF kawai, ba AF-S ba, zai hau amma ba zai saita kansa ba. Haka kuma sababbin AF-P ba sa aiki da waɗannan tsofaffin kyamarori. Sababbin Canon masu bakin RF sai da abin haɗi kafin su karɓi gilashin EF. Wanda ya je saye bai riƙe kyamararsa a hannu ba, caca ya je yi.

Mafi muni su ne dogayen gilasan da ake tallatawa a intanet da lamba 420-800mm a kan farashi ƙalilan. Ƙofar haskensu ƙunci ce, daga f/8,3 zuwa f/16, ba sa saita gani da kansu, ba su da hana girgiza. Kafin mai hoto ya gama murɗa zobe, dokin ya wuce, kaye ya auku.

Wasu za su ce tun da za a saya, gara a sayi na ƙwararru, 70-200mm f/2,8. Gaskiya ne yana shigar da haske ninki huɗu na f/5,6, kuma a zauren biki da dare babu kamarsa. Amma nauyinsa ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ya ninka na kyamarar mai koyo. Gilashi ne da sana'a ke saya wa mutum bayan ta fara ciyar da shi. Wasu kuma sun fi son guda ɗaya mai yin komai, irin 18-300mm, kuma hujjarsu tana da ƙarfi a ƙasa mai ƙura, domin duk lokacin da aka cire gilashi a cikin iskar hunturu, ƙura na shiga cikin kyamara. Sai dai a ƙarshen zum hotonsa bai cika kaifi ba, kuma ya fi tsada.

Tun da yawancin kayan na hannu ne, mai saye ya haska cikin gilashin da fitilar salula ya duba ƙura, tsaga ko farin abu mai kama da yanar gizo-gizo. Ya murɗa zum daga farko zuwa ƙarshe ya ji ko yana cijewa. Ya ɗora a kan kyamararsa, ya ɗauki rubutun wani allo mai nisa, ya faɗaɗa hoton ya gani. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada ya riga ya ba da amsa.

Iyalan da suka biya mai hoto ba sa tambayar milimita. Fuskar ɗansu a kan doki suke so su gani fes, kuma ranar hawa ba ta dawowa sai wata sallar.