Masu Gida A Gidan Aro

Jama'a, duk sa'ad da Kano Pillars ta yi tuntuɓe, gardama kan tashi a birni da waje. Ka je teburin mai shayi a Fagge, ko rumfa a Kantin Kwari, ko wurin tsayawar 'yan adaidaita sahu a Ƙofar Mata, zance ɗaya ne. Wannan ya ce mai koyarwa bai san aikinsa ba, a kore shi. Wancan ya ce 'yan wasa sun tsufa. Wani dattijo ya rantse an ɗaure raga, sai an nemo malamai sun kwance. Ga kuma wani sabon zance daga bakin samari masu zuwa gidajen kallon ƙwallo: wai ciwon a zuciya yake, ba a ƙafa ba, a ɗauko wa yaran masanin halayyar ɗan Adam ya zauna da su ya cire musu tsoro, kamar yadda manyan ƙungiyoyin Turai su ke yi.

Ba mu raina maganar samarin nan ba. Labudda duk wanda ya taɓa ganin gwani ya tsaya zai buga fanareti, ƙafa tana rawa, ya sheƙa ƙwallo sama kamar mai jifar tsuntsu, ya san zuciya tana da aiki cikin tamaula. Abin da mu ke tambaya shi ne, wa ya sa wa yaran tsoron?

Dabarar nan ba sabuwa ba ce. A 1950 ƙasar Barazil ta sha kashi 2 da 1 a hannun Yurugai, a gidanta, a gaban mutum kusan 200,000, aka rasa Kofin Duniya alhali ko canjaras aka yi ya ishe su. Manyansu suka ce zuciya ce ta karye. Saboda haka da za su tafi Suwidin a 1958, sai suka tafi da wani masanin halayya, sunansa Carvalhaes. Ya gwada 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya ba da shawara kada a sa wani yaro ɗan shekara 17, Pele, wai yarinta ta yi masa yawa. Garrincha ma bai ci jarrabawarsa ba. Mai koyarwa, Feola, ya ji ya toshe kunne, ya sa su duka biyu. Pele ya ci ƙwallo 6, Barazil ta doke masu masauki 5 da 2 a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofi. Amma abin da a kan manta a labarin shi ne, a wannan tafiya akwai likita, akwai likitan haƙori, an duba lafiyar kowa tun a gida, an zaɓi masauki tun kafin a tashi. Watau sai da aka gyara jiki da abinci da makwanci, kana aka zo kan zuciya.

To, mu komo gida. Pillars ba ƙungiyar matsorata ba ce. A 2009 ta je har Alƙahira ta yi 2 da 2 da Al Ahly, mai riƙe da kofin Afirka a lokacin, ta fitar da ita, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Shekara 12 ba wanda ya doke ta a gida a gasar, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A wannan shekara ta 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, aka ji wa 'yan wasa rauni, suka yi jinya suka komo fili. Waɗannan ne za a ce ba su da zuciya?

Yanzu ku dubi abin da ya biyo baya. A 2019 a filin Agege na Ikko, bayan wasa da Rangers, magoya baya suka kutsa fili a kan alƙalin wasa, aka ci ƙungiyar tara. A watan Afrilu na 2022, bayan dogon zaman haya a Kaduna, aka komo filin Sani Abacha, ranar da ya kamata ta zama ta murna, sai aka farfasa motar Katsina United, aka zaftare maki, aka kori ƙungiyar zuwa Abuja. Ba a gama wannan ba sai ga shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa a cikin rigima da mataimakin alƙalin wasa a wasa da Dakkada, shi ma aka hukunta shi. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Ta hauro a 2023. Sai kuma a watan Oktoba na 2025 Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka yi 1 da 1, jama'a suka afka fili, aka doki alƙalai da baƙi. Hukunci: tarar Naira miliyan 9 da rabi, an cire maki 3 da ƙwallo 3, an rufe filin, an ce Masu Gida su koma buga wasan gida a Katsina. Katsina fa, garin da aka fasa wa mota shekara uku kafin nan!

Makin nan da aka yi ta zaftarewa, ba ɗan wasa ne ya zubar da su ba. Babu masanin da zai iya komo da su. Kuma ku sa kanku a matsayin yaro mai tsaron baya, saura minti biyar a tashi, ana 1 da nema, ya san in aka farke ba fushin mai koyarwa kaɗai zai gani ba, duwatsu ne za su sauko, a rufe fili, a yi ta zagin iyayensa a rediyo da Facebook. Yaya ƙafarsa ba za ta yi nauyi ba? Ihun da a da ke kaɗa hanjin baƙi, yau na gida ya ke kaɗawa. Mun san masu wannan ɓarna kaɗan ne cikin dubban da ke biyan kuɗin ƙofa da guminsu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: ana ganinsu, an san su a unguwa, ba mai tsawatarwa.

Sai dai babban laifin ba na talaka mai tikiti ba ne. Pillars dukiyar Gwamnatin Jihar Kano ce tun kafa ta a 1990, da kuɗin jama'a a ke riƙe ta. Wanda ya mallaki fili shi ne da alhakin shinge, da isassun 'yan sanda, da masu kula da ƙofa. Mai gida shi ke naɗa shugabanni, kuma mun ga yadda a ke yi a ƙungiyoyin Gwamnati a ƙasar nan: Gwamna ya sauka, a rushe hukumar ƙungiya, a kawo na hannun dama, ko ya san tamaula ko bai sani ba. Kukan 'yan wasa kan albashi da kuɗin sa hannu kuwa ya daɗe da zama ruwan dare a gasar Nijeriya. Yaron da mai gidan haya ke jiransa a ƙofa, in ka zaunar da shi ka ce ya rufe ido ya ja numfashi ya hango nasara, mai gidan hayar zai hango. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Za a ce mu 'yan hamayya ne, ba mu ganin farin Gwamnati. To, a lura, ɓarnar 2019 da ta 2022 a zamanin wata Gwamnati aka yi, ta 2025 a zamanin wata. Ba mu keɓe kowa ba. Mun kuma yaba da aka ɗauko Ahmed Musa a 2025 aka ba shi riƙon ƙungiyar, gama ya buga a Rasha da Ingila, ya ga yadda a ke kula da ɗan wasa. Amma suna ba ya gina shinge.

Ga abin da mu ke nema. A buga wa jama'a lissafin kuɗin ƙungiyar kowace shekara, abin da ya shigo daga baitulmali da kuɗin ƙofa da cinikin 'yan wasa, da inda ya tafi. A faɗa mana 'yan ɓarna nawa aka kai gaban alƙali tun daga 2019, da hukuncin da aka yi musu. A ba ƙungiyar magoya baya kujera a hukumar gudanarwa, ta zaɓe, domin su ɗauki alhakin mutanensu. In an yi waɗannan, a ɗauko masanin halayyar, ba mu ƙi ba, a biya shi a kan kari shi ma. Wakilanmu za su kai waɗannan tambayoyi gaban Ma'aikatar Wasanni a rubuce, kuma duk amsar da aka ba mu za mu buga ta a wannan shafi ba tare da rage ko harafi ɗaya ba.